Sunayen Furannin Daji a Ƙamusun Tsirrai na Dalziel: Tarke Daga Ƙasar Doma

1.0 Gabatarwa

Nazarin sunayen tsirrai fage ne da masana harshen Hausa suka daɗe da bar wa masana kimiyya, su kuma masana kimiyya suka ɗauki sunan Hausa a matsayin ɗan rakiya da ake ajiyewa a gefen sunan Latin. A dalilin haka, littafin da har yanzu ake dogara da shi a wannan fage, ko kai tsaye ko ta hanyar waɗanda suka kwafo daga gare shi, shi ne wanda wani likita Bature, J. M. Dalziel, ya wallafa a Landan a shekarar 1916 mai suna A Hausa Botanical Vocabulary. Littafin ya haura shekara ɗari, amma ba kasafai ake ɗora shi a kan ma'aunin tarke ba, kamar yadda ake yi wa ƙamusun Bargery na 1934 ko na Abraham na 1949.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi tarken littafin ta fuska guda, wato yadda ya ɗauki furannin daji da ƙananan tsirran da ke fitar da su. An zaɓi ƙasar Doma ta Jihar Nasarawa a matsayin ma'auni saboda dalilai biyu. Na farko, dajinta ya bambanta da na Kano da Katsina da Sakkwato inda aka raɗa mafi yawan sunayen. Na biyu, Hausa a can harshen kasuwa da cuɗanya ce a tsakanin al'ummomin da kowaccensu ke da nata harshen. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, littafin ya gaji ma'auni biyu, wato amfanin tsiro ga ɗan Adam da kuma Hausar arewa, kuma waɗannan ma'aunai sukan ɓoye furannin wuri irin Doma, ta yadda za su iya ƙarewa ba tare da an lura ba.

2.0 Marubucin da Littafinsa

An haifi John McEwen Dalziel a shekarar 1872, ya rasu a 1948. Likita ne da ya shiga aikin lafiya na Afirka ta Yamma a 1905, ya kuma yi shekaru yana aiki a Arewacin Nijeriya. A wuraren da aiki ya kai shi yakan tsinko tsirrai ya busar ya aika Lambun Kew na Ingila. Sunayen garuruwa irin su Sakkwato da Katagum da Kwantagora da Zungeru da Lakwaja da Yola da Abinsi suna nan a jikin samfuran da ya tara. Bayan ya bar aikin likita ya haɗa hannu da John Hutchinson suka fitar da Flora of West Tropical Africa tsakanin 1927 da 1936, sannan a 1937 ya fitar da The Useful Plants of West Tropical Africa.

Tsarin littafin 1916 na ƙamus ne. An jera sunayen Hausa bisa harrufa, a gaban kowane suna a kawo na Latin, da ɗan bayanin siffar tsiron, da abin da ake yi da shi. Sau da yawa akan nuna yankin da ake faɗar sunan, a kuma kawo wasu sunayen da ake kiran tsiron da su a wasu wurare. Ayyukan da suka biyo baya sun ɗora a kan wannan tushe. Daga cikinsu akwai jerin sunayen tsirrai na Hausa da Z. O. Gbile ya fitar a Ibadan a 1980, da sabon bugun littafin 1937 da H. M. Burkill ya faɗaɗa zuwa juzu'i shida tsakanin 1985 da 2004, da kuma jerin da Roger Blench ya tattara a 2007. Saboda haka duk abin da aka faɗa game da littafin farko ya shafi zuriyarsa, domin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

3.0 Ƙasar Doma da Tsirranta

Doma ƙaramar hukuma ce a kudu maso yammacin Lafiya, a Jihar Nasarawa wadda aka cire daga Jihar Filato a 1996. Faɗinta ya kai kimanin murabba'in kilomita 2,700, kuma ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum 139,607. Garin Doma cibiyar Alago ne, waɗanda Hausawa ke kira Arago, kuma sarkinsu shi ne Andoma. Ban da su akwai Bassa da Agatu da Tibi da Fulani da Hausawa. Daga kudu ƙasar ta gangara zuwa kwarin Binuwai. Abinsi, inda Dalziel ya tara tsirrai masu yawa, tana bakin wannan kogi gabas da Makurɗi, saboda haka ba za a ce marubucin bai san irin wannan daji ba.

Ruwan sama a yankin Lafiya da Doma yakan haura milimita 1,200 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba, alhali na Kano ba ya cika kai 1,000, na Sakkwato kuwa ya yi ƙasa da haka. A rabon da R. W. J. Keay ya yi wa dazuzzukan Nijeriya a 1949, Doma ta faɗa cikin sabanar Gini ta kudu, inda ciyawa ke fin mutum tsawo, kuma itatuwa irin su maje da namijin kaɗe da baushe da kirya da ɗorawa da kaɗanya suka yawaita, ga kurmi a bakin rafuka. Furannin wannan daji suna da lokutansu. Da rani, bayan an ƙone daji, rawaya takan fito da fure daga cikin toka tun ba ta yi ganye ba. A wannan lokaci ne kuma madobiya ke zubar da ganye ta rufe kanta da fure ruwan ɗorawa, gurjiya da minjirya su yi ja. Da saukar ruwan fari albasar kwaɗi takan buɗe a fadama, da damina ta nutsa gatarin kurege ya hau kan ciyawa, bado ya rufe tafkuna.

4.0 Tarken Littafin

4.1 Abin Yabo

Adalci ne a fara da abin da littafin ya yi daidai. Dalziel ya sa sunan Hausa a gaba, na Latin a baya, wanda ke nuna ya yarda cewa Bahaushe yana da nasa tsarin sanin tsirrai. Bai kuma tilasta wa kowane tsiro suna guda ba. Inda Basakkwace da Bakano suka saɓa, yakan kawo duka biyun, abin da ya mayar da littafin taska ga mai nazarin karin harshe. Haka nan ya riƙe tsiron a hannunsa kafin ya rubuta sunansa, saɓanin mai ƙamus na gama-gari wanda yakan wadatu da cewa abu kaza wani irin itace ne ko wata irin ciyawa. Albarkacin irin wannan aiki ne wasu kalmomin Hausa suka shiga bakin duniya. Sunan Latin na doka, Isoberlinia doka, daga Hausa aka ɗauko rabinsa. Gamba kuwa, wadda aka kai Ostareliya a shekarun 1930 don kiwo har ta zame musu annobar gobarar daji, da sunanta na Hausa suke kiranta a can.

Ta fuskar rubutu kuwa, littafin ɗan zamaninsa ne. Bai nuna karin sauti ko tsawon wasali ba, saboda haka ba abin da zai raba kuka ta miya, mai karin sama da ƙasa, da kuka na hawaye, mai karin sama da sama, sai ma'ana. Wannan naƙasu ne da ayyukan baya suka yi ƙoƙarin gyarawa, kuma ba shi ne babbar matsalar ba.

4.2 Ma'aunin Amfani da Matsayin Fure

Babbar matsalar tana cikin abin da ake ganin ya cancanci suna. Idan aka dubi tsirran da Bahaushe ke ci ko yake sayarwa, za a ga harshen ya bi su gaɓa-gaɓa. Ɗorawa misali ce:

(1) ɗorawa: itacen da 'ya'yansa
tutu: dunƙulen furen da ke reto
kalwa: ƙwayar da ke ciki
daddawa: abin da ake yi da kalwa
makuba: ruwan ɓawon da ake shafe daɓe da katanga da shi

A nan fure ya sami suna nasa na kansa, domin shi ne albishir ɗin kalwa. Haka bununi yake ga gero, haka zoɓo yake ga yakuwa. Amma da zarar an bar gona aka shiga daji, sai kalmomin su ƙare, a koma ga fure ko huda, tsiron kansa kuma a kira shi haki. Ita kanta kalmar fure, idan aka faɗe ta ita kaɗai a kasuwar da, furen taba ake nufi, wanda mata ke goga wa haƙora su yi ja. Da Turawa suka zo da al'adar shuka tsiro don kallo kawai, sai aka aro kalmar fulawa, wadda ta zo ta yi karo da fulawar burodi. Ko sunayen launi sun bi wannan hanya. Ana cewa ruwan ɗorawa da ruwan goro da ɗanyen haki, amma da wuya a sami launin da aka raɗa wa suna daga fure. Rawaya ma, wadda furenta ya fi komai haske a dajin da aka ƙone, saiwarta da ake rini da ita ce ta ba launin suna.

Ba laifin Dalziel ba ne harshen ya kasance haka. Inda tarke ya kama shi shi ne, ya ɗauki ma'aunin harshen ya ƙara masa na likita da na ma'aikacin mulkin mallaka, waɗanda dukansu magani da abinci da katako da kayan fatauci suke nema. Taken littafinsa na 1937 ma ya faɗi haka ƙarara, tsirrai masu amfani. Tsarin jera littafi bisa sunan Hausa kuma yana da wani sakamako da ba a cika lura da shi ba: duk tsiron da ba shi da suna ba shi da gurbi. Mai karatu zai rufe littafin yana zaton ya ga dajin gaba ɗaya, alhali abin da ya gani shi ne rabon da harshe ya yanka wa kansa daga dajin.

4.3 Harɗaɗɗun Sunaye

Furannin dajin da suka sami shiga littafin da ayyukan da suka biyo shi yawanci da harɗaɗɗen suna suka shiga, wato suna biyu da aka haɗa da harafin mallaka. Ga misalai daga tsirran da ake samu a sabanar Gini:

(2) albasar kwaɗi: nau'o'in Crinum
gatarin kurege: Gloriosa superba
gudumar zomo: Gloriosa superba
giginyar biri: Tacca leontopetaloides
gwandar daji: Annona senegalensis
namijin kaɗe: Lophira lanceolata
duman rafi: Ipomoea asarifolia

Abubuwa biyu ne suka fito daga wannan jeri. Na farko, kalmar farko a mafi yawansu abin gida ne da aka sani, kamar albasa da gatari da guduma da gwanda da duma, ta biyu kuma dabba ce ko wani wuri a bayan gari. Ma'anar ita ce, wannan abu ya yi kama da namu amma ba namu ba ne, na kwaɗi ne ko na biri. Hikima ce ta rarrabewa, kuma tana da daɗin ji, sai dai tana fitar da tsiron daga cikin dukiyar mutane. Abin da aka ba kwaɗi ba wanda zai yi shari'a a kansa. Namijin kaɗe ya fi kowanne nuna wannan. Itace ne da ya cika dajin Doma, mai farin fure mai ƙamshi da jan toho, kuma ba dangin kaɗanya ba ne ko kaɗan. Ganyensu ne kawai ya yi kama. Amma da yake da kaɗanya aka auna shi, sai ya tashi da sunan da ke nufin kaɗen da ba ya ba da abin da ake nema.

Na biyu, sunayen sun kau da ido daga furen. Crinum tana da babban fure fari mai jan zane a tsakiya, wanda ake hangowa daga nesa a fadama, amma sunan ya tafi ga kwan da ke ƙarƙashin ƙasa. Gloriosa superba tana da fure ja da rawaya mai lanƙwasa baya kamar harshen wuta, har ƙasar Zimbabuwe ta ɗauke shi furen ƙasa, a kudancin Indiya kuma ana noma ta saboda sinadarin maganin da ke cikin 'ya'yanta. Sunayenta biyu na Hausa kuwa, bisa ga dukkan alamu, siffar saiwarta mai ƙota suka duba. Wuta-wuta, wadda ake kuma kira ƙuduji, tana da kyakkyawan fure, amma ɓarnar da take yi wa dawa ce ta sa aka san ta. Dalziel yakan fassara irin waɗannan sunaye kalma da kalma, amma bai tsaya ya nuna cewa tsari ne guda ke haifar da su ba. Wannan aikin masanin harshe ne, kuma har yanzu yana jiran mai yi.

4.4 Suna Ɗaya, Tsiro Biyu

Matsala ta gaba ta fi shafar Doma kai tsaye. Bahaushen da ya gangaro kudu da fatauci ko noma da sunayensa ya taho, kuma duk tsiron da ya tarar ya yi kama da na gida sai ya ɗora masa sunan da ya sani. Kalgon da ya yawaita a Kano da Sakkwato shi ne Piliostigma reticulatum, wanda ya fi yawa a Doma kuwa Piliostigma thonningii ne, mai manyan ganye da gashi-gashi a bayansu, amma dukansu kalgo ne. Rawaya iri biyu ce: Cochlospermum tinctorium mai fure a dab da ƙasa bayan gobara, da Cochlospermum planchonii mai tashi har ta kai tsayin mutum, tana fure a ƙarshen damina. Baushe ya ƙunshi nau'o'in Terminalia fiye da ɗaya. Albasar kwaɗi kuwa kusan duk tsiron daji mai kwai kamar albasa yana iya shiga ƙarƙashinta. A ɗaya ɓangaren, maje da kadaura itace guda ne, Daniellia oliveri.

Dalziel ya san da wannan, kuma a wurare da dama yakan nuna cewa suna ya ƙunshi nau'i fiye da ɗaya. Sai dai tsarin ƙamus yana jan mai amfani da shi ya ɗauki sunan Latin na farko da ya gani ya wuce. Ta haka ne ake samun rahoton binciken da aka yi a kwarin Binuwai ɗauke da sunan tsiron sabanar Sudan, don kawai mai binciken ya ji sunan Hausa ya buɗe littafi. Illar wannan ga kiyaye tsirrai a fili take. Idan nau'i biyu suna amsa suna guda, ɗaya zai iya ɓacewa ƙurmus, a tambayi manomi ko akwai rawaya a dajinsu ya ce akwai, kuma gaskiya ya faɗa.

4.5 Hausa a Bakin Wasu

Littafin ya ɗauka cewa mai faɗar sunan Hausa Bahaushe ne. A Doma ba haka abin yake ba. Alago da Tibi da Bassa da Fulani sukan haɗu a kasuwa su yi ciniki da Hausa, kuma baƙon da ya zo bincike da Hausa yakan yi tambaya, a ba shi amsa da ita. Sunan da ya rubuta a matsayin na 'yan ƙasa sau da yawa sunan kasuwa ne, na gida yana nan ba a tambaya ba. Tare da sunan gida kuwa akwai sanin da sunan Hausa ba ya ɗauke da shi. Idan aka ce kirya, abin da ke fara zuwa zuciyar Bakano shi ne turmi da taɓarya da gawayin maƙera. A kwarin Binuwai kuwa ƙwayarta ce abin nema, domin da ita ake yin daddawar da Idoma, 'yan'uwan Alago ta fuskar harshe, ke kira okpehe. Gurjiya ga mafi yawan Hausawa itace ne mai ƙaya da audugar cusa matashi, amma ga Tibi ƙoƙon furenta shi ne miyar da suke kira genger. Ga fure nan da ya sami suna da daraja a wani harshe, a wuri guda da Hausa ta wuce shi.

Wannan bai rage wa Hausa komai ba. Abin da yake nunawa shi ne, ƙamusun tsirrai na Hausa da aka kai Doma ba tare da na Alago da na maƙwabtansu ba zai zama inuwar giginya, na nesa ya sha, na gindinta yana cikin rana. Kuma yayin da yaran gari ke tasowa da Hausa da Ingilishi, sunayen gida na ƙananan tsirrai su ne farkon abin da ke zubewa, domin ba a sayar da su a kasuwa balle a riƙa ambatarsu.

5.0 Suna da Kiyaye Tsirrai

Ana iya tambaya, mene ne ruwan masanin harshe da sare daji? Amsar tana cikin gonakin Doma. Ƙasa ce ta doya da riɗi da agushi da rogo da shinkafa, kuma manomin da ke sharar sabuwar gona yakan bar ɗorawa da kaɗanya a tsaye, wato itatuwan nan da harshe ya ba kowace gaɓa tasu suna. Sauran kuwa sukan tafi ga gatari da buhun gawayi. Ƙananan tsirrai sun fi shiga haɗari. Tsiro mai kwai ko mai kaurin saiwa yana jure gobarar rani, yana kuma jure fartanya, domin ransa yana ƙarƙashin ƙasa. Abin da ba ya jurewa shi ne garmar tarakta mai tono shi ta shanya a rana, da maganin feshi mai kashe duk abin da ba amfanin gona ba. Fadamun da albasar kwaɗi ke fitowa su ne kuma wuraren da noman shinkafa ya fi so, kamar yadda ake gani a yankin Rukubi, inda aka buɗe babban injin casar shinkafa a 2014. Ba wanda zai ce a bar noma saboda fure. Amma furannin nan su ke riƙe da ƙudan zuma a watannin da gona ba ta da huda, kuma kaɗanya da riɗi suna ƙaruwa da ziyarar ƙudan zuma. Asarar furen daji takan dawo ta taɓa rumbu.

Sai dai kada a zaci suna shi kaɗai yana tsare tsiro. Madobiya, Pterocarpus erinaceus, tana da suna sananne, makiyaya suna sassabe ganyenta don shanu da rani, masassaƙa sun san katakonta. Duk da haka, a shekarun 2010 an yi mata saran da ba a taɓa gani ba a Taraba da jihohin tsakiyar Nijeriya, ana lodin gungumenta zuwa ƙasar Sin don yin kujerun alfarma. Yarjejeniyar CITES, mai sa ido a kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, ta sa ta a jerinta na biyu daga farkon 2017, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya, a shekarar da ƙungiyar IUCN ta sa ta cikin itatuwan da ke cikin haɗari. Abin lura ga masanin harshe shi ne, ba da sunan madobiya aka yi wannan ciniki ba. 'Yan katako madrid suke ce mata, takardun fatauci kuma su ce kosso. Mai karanta rahoton ciniki bai san madobiyar bayan garinsu ake nufi ba, mai buɗe ƙamus kuma ba zai tarar da sababbin sunayen ba. Ƙamusun da ya tsaya a 1916 ba zai iya haɗa waɗannan sunaye uku wuri guda ba, kuma sai an haɗa su mutanen ƙasa za su gane abin da ake kwashewa.

Harshen kansa bai gaza ba. Itacen da aka shigo da shi Barno daga waje a 1928 ya sami sunaye har huɗu cikin ɗan lokaci, wato darbejiya da dogon yaro da maina da bedi, saboda kullum ana zaune a inuwarsa. Hausa tana raɗa wa abin da ido ke kai suna. Abin da ya rage shi ne a mayar da ido kan furannin daji tun suna nan.

6.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa ƙamusun Dalziel aiki ne na ƙwarai wanda ya adana sunaye da bambance-bambancen karin harshe da da sun salwanta. Ta kuma nuna iyakarsa ta fuskoki huɗu: ya auna tsiro da amfaninsa har fure ya zama abin bayan fage, bai fito da tsarin da ke ƙarƙashin harɗaɗɗun sunaye ba, tsarinsa yana ɓoye nau'o'in da suka yi tarayya a suna, sannan bai yi tanadi ba don wuraren da Hausa take harshe na biyu. Ƙasar Doma ta fito da waɗannan duka a fili.

Abin da ake bukata shi ne sabon aiki da za a yi a cikin daji, masanin harshe da masanin tsirrai suna tafe tare. Kowane suna a rubuta shi da karin sauti da tsawon wasali, a nuna garin da aka ji shi da harshen farko na wanda ya faɗe shi, a kawo takwaransa na Alago da Tibi da Bassa da Fulatanci, a faɗi launin furen da watan da yake fitowa, a kuma ajiye samfurin tsiron a ma'adanar busassun tsirrai irin ta Ibadan ko ta Jami'ar Ahmadu Bello, don a iya komawa a tantance. Tsiron da aka rasa sunansa shi ma a ba shi gurbi, a rubuta cewa an tambaya ba a samu ba. Jami'ar Tarayya ta Lafiya, wadda aka kafa a 2011, da Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi suna kusa da gandun dajin Doma da madatsar ruwanta da fadamun Rukubi. Waɗanda za a tambaya kuwa su ne masu maganin gargajiya da mafarauta da makiyaya da masu ɗebe zuma da mata masu tsintar kaɗe, kuma mafi yawan waɗanda suka riƙe sunayen a cikinsu dattawa ne.